Baƙar Ƙasar da Muka Ɗauko daga Kano

Tun da na dawo daga Kano ƴan fadarmu ba su bar ni na sha shayi da kwanciyar hankali ba. Wannan ya ce, "Habu, da gaske mace ce shef ɗinku?" Wancan ya ce, "Wai ramin masai kuka tsallaka boda kuka je haƙawa?" Sai in yi dariya in kawar da zancen, domin labarin yana da wani wuri da ba na son isa. To, na gaji da kewaye-kewaye. Ga shi na rubuta yadda ya faru, wanda ya sake tambayata in miƙa masa takardar.

Ni magini ne. Kanibo da dama da ruwa ke bi a cikin Matameye aikin hannuna ne, har da waɗanda kuke zagi idan sun toshe. Yayana Sanusi shi bai san komai ba sai garka. Shi ya riƙe garkar babanmu da ke Dungu, mai rijiya a ƙasan gangare. Baba ne ya haƙa rijiyar nan tun ba a haife ni ba, ni kuma na zagaye bakinta da siminti shekarar da na fara riƙe cokalin gini. Ruwanta garai-garai ne, maƙwabtan garka ma a nan suke cika butocinsu. Amma ƙasar ta gaji. Shekara uku a jere Yaya yana cire albasa ƙanana kamar ƙwan tantabara, takin zamani kuma ya fi ƙarfinsa. Har an fara zuwa ana yi masa zancen ya sayar. Duk ranar da aka yi masa zancen nan, ba ya iya cin tuwo.

Ana cikin haka wani ɗan garinmu da ke kula da leburori a Kano ya kira ni a waya, ya ce ana neman magina da suka iya hanyar ruwa. Da na gaya wa Yaya, sai ya ce, "Ba su neman mai riƙe shebur?" Mutum mai furfura a gemu, wanda bai taɓa yi wa wani aiki ba. Na ce suna nema. Ya ce in ya samo abin sayen taki, garkar za ta tashi.

Mun tashi farkon bazara, bayan ya cire ƴar albasarsa. Motar da muka shiga a tasha ta tsufa har ƙofarta da igiya ake ɗaure ta. Yaya ya rungumo damin rake, wai tsarabar mutanen Kano. Na ce, "Yaya, Kano fa ba su rasa rake ba." Ya ce, "Ba su da na Dungu." A Ɗan Barto jandarma ya duba katinsa, ya dube shi, ya sake duban katin, domin hoton na tun lokacin da gemunsa yake baƙi ne. Yaya ya ce, "Ni ne, ranka ya daɗe, garka ce ta mai da ni haka." Mutumin ya yi dariya, Yaya ya zaro sanda guda ya ba shi. Daga nan fa duk inda aka tsayar da mu, tun ba a tambaye shi komai ba, sai ya zaro rake ya miƙa. Tsakanin Daura da Kazaure taya ta fashe, muka zauna gindin wata bishiya, fasinjoji suka taya shi da sauran. Mun shiga Kano da sanda biyu da igiyar damin.

Wurin aikin tsohon kamfanin jima ne da ya daɗe a rufe, can cikin unguwar masana'antu. Wani mai kuɗi ya saye shi zai mai da shi shaguna da gidajen haya. An rushe yawancin ginin, sai doguwar katanga da tarin ƙarafa masu tsatsa da wani wari da ba ya barin hanci. A wani tsohon sito aka sauke mu, muka shimfiɗa takardun siminti a ƙasa, ɓeraye suka karɓe mu hannu biyu. Abinci kuwa, garau-garau da rana, garau-garau da yamma, har na fara ganin wake in na rufe ido. Gurasarsu dai na yaba mata. Abin da ban gane ba shi ne shayinsu. Mu a nan a zauna a dafa na fari, na biyu, na uku, ana hira. Su kuwa a cika maka ƙaton kofi da madara, ka shanye a tsaye kamar mai shan magani, ka wuce. Yaya ya kurɓa sau ɗaya ya ce wannan kunu ne da bai yi kauri ba.

E, mace ce shef ɗinmu, wato shugabar aikin. Injiniya Rabi sunanta, ƴar siririya, hular kwano a kan mayafi. Ranar farko na raina ta a zuciyata, kafin azahar na janye. Ta ɗora nibo, ma'aunin da ake duba daidaiton gini da shi, a kan wani layin bulo da na jera, ta ce, "Malam Habu, ruwa ba zai hau tudu don ya faranta maka rai ba. Sauke nan da yatsa biyu." Na duba, gaskiyarta ce.

Ita ta tara mu ta yi mana bayanin aikin. Hanyoyin ruwa biyu za mu yi, kuma har abada ba za su haɗu ba. Ɗaya ta ruwan sama, wanda zai sauko daga rufi da tsakar fili ya bi kanibo, mutanen Kano lambatu suke cewa, ya faɗa wani ɗan rami da zai tare yashi da baƙin mai, sannan ya taru a wani babban tafki da muka dafe da siminti, ya riƙa fita a hankali don kada ya yi wa unguwar ƙasa ambaliya. Ɗayar ta ƙazanta ce, ruwan banɗaki da na wanke-wanke, a rufaffen bututu har zuwa fos, wato ramin masai. Na ce, "Hajiya, mu a garinmu ruwan sama in ya nutse a ƙasa murna muke yi, rijiyoyi ne za su cika. Me ya sa za a dafe tafkin?" Ta ce, "A ƙasa mai lafiya haka ne. Wannan ƙasar ta sha magungunan jima shekara da shekaru. Duk ruwan da ya ratsa ta, da guba zai sauka, kuma mutanen bayan katangar nan rijiya suke sha." Na ji wannan magana da kunnena, kuma na gane ta sarai. Ku riƙe wannan, don kada daga baya wani ya ce ban sani ba.

Akwai wani tsoho mai gadi, Baba Ɗanjuma, wanda ya yi aiki a kamfanin tun yana saurayi. Takardar zanen da aka ba Injiniya ta nuna tsofaffin bututu a gabas, shi kuwa ya ce suna yamma. Ta sa aka zuba wani koren ruwa a bakin wani tsohon bututu don a ga inda zai ɓulla. Muka tsaya a gabas muna jira, shiru. Sai ga wata mata ta zagayo tana faɗa, wai wane ne ya mai da kwatar ƙofar gidanta kore. A yamma take. Daga ranar Injiniya ta naɗe takardarta, in za a haƙa sai ta ce, "Baba, ina muka dosa?"

Shi ne ya nuna mana wurin da tsohon ramin zuba dattin jima yake. Da katafila ta ɗaga murfin kankare, sai ga wata baƙar laka mai kauri, zurfinta ya fi tsayin mutum, dattin jimar shekaru ya kwanta ya daskare. Injiniya ta sa aka zagaye wurin da jan ƙyalle, aka raba mana takalman roba da safar hannu. Ta ce za a kwashe a tara a kan leda, a rufe da tamfal, manyan motoci su kai ta inda aka tanada. Ta ce kada wanda ya taɓa ta da hannu.

Na waiga na ga Yaya ya tsuguna. Ya cire safar, ya damƙi lakar ya murza, ya kai hanci. Fuskarsa ta yi wani haske da na daɗe ban gani ba. Na san abin da ya tuna, domin ni ma shi na tuna. Muna yara Baba yakan tura mu da jaki unguwar majema mu kwaso abin da ya kwanta a ƙasan ramukansu, bagaruwa da toka da kashin tantabara da gashin fata, duk sun ruɓe sun yi baƙi. Ba takin da ya kai wannan. Shekarar da aka zuba shi, albasa sai ka riƙe ta hannu biyu. Manoman garka har rige-rige suke yi a kansa.

Da muka koma sito ya ce, "Habu, ka ga abin da mutanen nan za su zubar? Takin majema ne fa. Mota-mota!"

Na ce, "Yaya, ba irin namu ba ne. Injiniya ta ce da magungunan Turawa suka yi jimar, guba ce."

Ya yi dariya. "Jima ai jima ce. Ita yarinyar nan ta taɓa shuka ko barkono? Ni na taɓa koya maka siminti?"

Na ce a'a.

"To kar ka koya mini ƙasa."

Iyakar abin da na faɗa ke nan, sau ɗaya. A gidanmu in Yaya ya rufe magana ta rufu, haka muka tashi tun rasuwar Baba. Kuma in faɗi gaskiya, wani ɓangare na zuciyata yana cewa wataƙila shi ke da gaskiya, ai ya fi ni sanin ƙasa.

Ranar Lahadi ba a aiki. Sai Yaya ya riƙa ɗaga gefen tamfal yana cika buhunan siminti da lakar da ta bushe, yana jerawa bayan sito. A ganinsa ba sata ba ce, abin zubarwa ne. Baba Ɗanjuma ya gan shi, bai yi masa magana ba, ni ya kira. Ya buɗe mini tafin hannuwansa da bayansu. Duk tabo ne, ƙananan ramuka kamar an ɗana masa garwashi. Ya ce, "Ɗana, wannan ruwan ramin nan ne ya yi mini. Abokan aikina da yawa tari ya tafi da su. Ka hana ɗan'uwanka." Na ce, "To, Baba." Na je har inda Yaya yake ɗinke bakin buhu, na tsaya, ya ɗago ya ce in riƙe masa nan. Na riƙe masa.

Na yi tunanin gaya wa Injiniya. Amma na san korarsa za ta yi, a gaban ƴan garinmu, kafin mu iso gida labari ya riga mu cewa ƙane ya sa an kori wansa daga aikin lebura. Na ce a raina, bari dai mu isa gida, can zan lallashe shi.

Wata uku muka yi. Mun gama layukan biyu kafin hadari ya fara haɗuwa. Ranar gwaji aka kawo tankar ruwa aka sake a tsakar fili, muka bi shi da gudu kamar yara, muna kallo yana bin kanibo yana shiga tafki, ko cokali bai kauce ba. Injiniya ta ce, "Malam Habu, hannunka yana da kyau. Duk inda ka je, ka fara duba inda ruwa zai bi." Ta ba ni lambar wayarta ko wani aikin zai taso. Na yi alfahari ranar, ba zan ɓoye ba.

A kamiyon wani ɗan garinmu mai dakon kaya muka dawo, buhunan Yaya a can ƙasa. Tun a hanya na lura yana ɓoye hannuwansa cikin riga. Tsakanin yatsunsa ya tsattsage, wasu wuraren sun yi ƙananan gyambo. Ya ce zafin shebur ne. A boda ma'aikacin duwan, wato kwastan, ya hau ya zungura buhu ɗaya da sanda, ya toshe hanci, ya ce, "Wannan fa mene ne?" Yaya ya dube ni, don ni na fi shi iya magana da ma'aikata. Da a nan na ce dattin kamfani ne, da an sauke su a bakin hanya, da magana ta ƙare. Na ce, "Taki ne, ranka ya daɗe. Na garka." Ya ce mutanen Matameye ba ku da dama, har taki sai kun je Najeriya. Muka yi dariya tare da shi.

Da amalanke muka kai su Dungu. Yaya ya zazzage su a gindin mangwaro, inda Baba yake tara taki tun da can, ya ce sai sun sha ruwan farko sun huce sannan ya baza. Ya ɗebi kaɗan ya barbaɗa a ƴan fangulan da ya yayyafa irin tumatir. Ni kuwa ina tsaye ina kallon ƙasa. Wata uku ban yi komai ba sai auna gangare, idona ya saba. Daga gindin mangwaron nan ƙasa ta zube kai tsaye zuwa rijiya, ga ma ƴar hanyar da ruwan bara ya bi. Bakin rijiyar kuma yashi ya hau shi, simintin da na yi bai fi tafin hannu a sama ba. Takin Baba in ya gangara bai taɓa cutar da kowa ba, shi ya sa ba wanda ya taɓa damuwa.

Na ce, "Yaya, bari in zo ran Asabar da bulo in ƙara wa bakin rijiyar nan tsawo, in ja ƴar hanya ruwa ya kauce." Ban ce masa don me ba. Ya ce Allah Ya kai mu. Na yi niyyar in na zo ran Asabar, mu biyu kawai, in zaunar da shi in faɗa masa komai.

Ran Laraba da la'asar hadari ya taso daga gabas. Ina ƙofar gida a Matameye, mutane suna ta hamdala, yara suna tsalle a cikin ruwa. Ruwa ne mai ƙarfi, irin wanda ake shuka da shi. Ina kallon kanibon da na gina yana cika yana gudu, ni kuwa na san wani ruwan yana gudu haka a Dungu.

Da safe na hau babur na tafi. Tarin ya zube, rabinsa babu. Wani baƙin layi ya taso daga gindin mangwaro ya miƙe har bakin rijiya, daidai inda idona ya zana. Na leƙa. Ruwan ya yi baƙi, wani maiƙo yana yawo a kansa, kwaɗi sun juya ciki sama. Warin kamfanin nan ne ya bugi hancina, a cikin garkar babanmu. Yaya yana riƙe da guga. Ya ce, "Za ta wanke. Mu kwashe ta."

Kwana uku muna kwasa. Mu janye ta har ƙasa, ta kawo sabon ruwa, warin yana nan. Irin tumatir ɗin da ya tsiro ya yi ja ya kwanta. Maƙwabta suka zo da butoci, suka leƙa, suka koma ba wanda ya ce uffan, kuma shirun nan ya fi mini zagi ciwo. A rana ta huɗu na kira Injiniya na faɗa mata duka, har da abin da na ce a boda. Sannan ta ce, "Innalillahi. Malam Habu, kai fa ka sani." Na ce na sani. Ta ce kada mutum ko dabba ya sha, kada a yi ban ruwa da ita. A kankare sauran tarin da duk inda baƙin layin ya bi, a zuba a durom a rufe, a sanar da ma'aikatan lafiya, Yaya kuma ya je likita da hannuwansa. Na ce rijiyar fa? Ta ce laka ta riga ta shiga jikinta, ba ta da yadda za ta ce mini ga ranar da za ta gyaru. Ta ce a rufe ta, kada wani baƙo mai ƙishirwa ya zo ya zura guga.

Ran Asabar ɗin da ta biyo na zo da bulo da siminti kamar yadda na yi alkawari, sai dai ba aikin da na yi niyya ba. Na jera ƙarafa a bakin rijiyar, na kwaɓa kankare. Yaya yana zaune a kan tushen mangwaro, hannuwansa naɗe da bandeji, ba ya iya riƙe ko shebur. Ban taɓa jin nauyin cokalin gini irin na ranar ba. Ina shafe murfin ina hawaye, ban damu ya gani ba.

Da na gama na wanke hannu da ruwan da na zo da shi daga gida a jarka, na je na tsuguna kusa da shi. Na ce, "Yaya, ka yafe mini."

Ya ce, "Ai ka faɗa mini, Habu. Ni ne ban ji ba."

Na ce, "Sau ɗaya na faɗa."

Ya dubi ɗanyen simintin. Can ya ce, a hankali, ba da faɗa ba, "To me ya sa ba ka ƙara ba? Kai fa ka san ni. Yaushe na taɓa jin magana a karo na farko?"

Garkar tana nan, bai sayar ba. Ya ce in kaka ta yi zai gwada haƙa wata rijiyar can sama da mangwaro, in ruwan ya fito da kyau. Ranar da zai fara ya ce in zo in duba masa inda ruwa zai bi, kuma in na ga abin da bai yi mini ba, in yi ta faɗa har sai ya ji.